Ɗakin Manang Perlita

Shekara shida muna maƙwabtaka da Perlita Abellana a birnin Cebu na ƙasar Filifin, a bene na biyu, kuma sana'armu ɗaya: mata ne masu zaman kansu. Ta girme ni, don haka Manang nake ce mata, wato Yaya, ita kuma tana ce mini Inday, wato ƙanwa.

Da can tana aiki a kamfanin busar da mangwaro, har ranar da mota ta buge babur ɗin da take kai, ƙafarta ta hagu ta shanye. Da sanda take tafiya. Amma ba ta taɓa tsayawa bakin titi ba. Akwai wani shafin intanet da muke samun baƙi ta cikinsa. Duk mai son zuwa sai ya turo hotonsa tukuna, mu duba sashen da mata ke rubuta gargaɗi a kan mugayen maza. In ba ya cikinsu, ta buɗe masa ƙofa, ni kuma ina jin komai ta bango.

Mace ce mai barkwanci. Tana soya busasshen kifi, sai ta ƙwala mini kira: "Inday, zo ki ci, kin rame kamar sandata!"

Wata safiya muka tarar an rufe shafin, an manna sanarwa wai don yaƙi da safarar mutane. Gargaɗin shekaru duk ya tafi da shi.

"Wa ya yi safarata?" in ji ta, tana dariya. "Ni da ko matakala ba na iya sauka sai an riƙe ni?"

Ta buɗe sabon shafi a wani wuri, kwana uku aka toshe. Ta sake, aka sake. Da shinkafa ta ƙare, ta fara zama kan benci kusa da tashar jirgin ruwa da rana tsaka.

A can wani mai farar mota ya ɗauke ta. Sai da yamma wata mai tallan ayaba ta tsince ta a gefen hanyar bayan gari, baki a fashe, babu waya, babu sanda.

A asibiti na tambaye ta kamanninsa. Ta ce kunnensa na dama a yanke yake. Ni da hannuna na rubuta gargaɗi a kansa shekara biyu da suka wuce, a shafin da aka rufe.

"Kin san shi?" ta tambaya.

"A'a, Manang," na ce.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya fuska ga bango.

Ba ta kai ƙara ba, don ta san ita za a fara tuhuma. Da ta warke, yayanta ya zo daga tsibirin Bohol ya tafi da ita, bisa sharaɗin kada ta gaya wa 'ya'yansa abin da take yi a birni. Yanzu aladunsa take kiwo. Wani lokaci nakan kira wayar matarsa, a ce mini tana barci.