Ranar da Na Ajiye Kunyar Ɗan Fari

Ko zan manta komai na zamana a Mungadi, ban da ranar da na kifar da ƙwaryar uwar mijina a gaban baƙi. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba.

Tun da aka yaye ɗana na fari ya koma ɗakinta, kamar yadda aka saba. Ni kuwa kunyar ɗan fari ta hana ni ko faɗin sunansa, balle in sa baki a abincinsa. Ita kuma son duniya ta ɗora masa. Fura da nono, tuwo yana iyo cikin man shanu, kunu ya sha sukari. In ya kau da kai, ta danne shi a cinya ta yi masa ɗura. Kafin ya shekara huɗu ya zama abin kallo. Mata na jan kumatunsa suna yaba wadatar gidanmu, ni ina jin yadda numfashinsa ke tsayawa cak in yana barci.

Da za ni awon ciki Jega, na lallaɓa na tafi da shi. Likita ya ce kitse ya yi masa yawa, in aka ci gaba zuciyarsa za ta wahala. Na gaya wa ubansa, ya ce ba zai iya tunkarar uwarsa Inna ba.

Ranar sunan ƙanwarsa, ga dangi har daga Aliero, ɗan nawa ya bi yara da gudu. Bai kai bakin zaure ba ya zube yana haki. Inna ta ce yunwa ce, ta jawo ƙwaryar fura. Ina amaryar jego na fito, na sa hannu na kife ta.

"Ke! Ɗan hwarin naki? Ina kunya?" in ji Inna. "Ƙiba ai lahiya ta!"

Na ce, "Inna, ki gahwarce ni. Wagga kunya na aje ta yau. Ban bari a kashe min ɗa ina kallo."

Na kira sunansa da ƙarfi, na rungume shi. An daɗe ana ce mini marar kunya mai rowa, ban kula ba. Na rage masa maiƙo da zaƙi, na sake shi cikin yara, har ya zo yana rigansu gudu.

Na koyi cewa so ma yana cutarwa, kuma shirun uwa ya fi shi cutarwa. Inna ta rasu ba ta gama hucewa ba. Har yau abin na min ciwo, amma ban yi nadama ba.