Rabin Kalmar da Tabawa Ta Ji

Tabawa ta zo Sabo daga Ɗambatta tana amarya, ta shekara talatin da ɗaya tana suyar waina a bakin lungunmu, amma Yarabancinta bai taɓa wuce na ciniki ba. Ta san "nawa ne", ta san "ya yi tsada", sai zagi guda biyu masu kyau. In muka tsokane ta, sai ta ce ai waina ba ta buƙatar tafinta. Ni Saudat a nan Ibadan aka haife ni, ɗakina na kallon nata, Yaya nake ce mata.

Shekara biyu bayan rasuwar mijinta, tana wanka ta ji ƙullutu a nononta na hagu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma ba ya ciwo. Kunya ta hana ta gaya wa kowa. Ta zura hijabi, ta hau keke mai ƙafa uku ita kaɗai zuwa wani ƙaramin asibiti. Nas ɗin Bayarabiya ce. Ta duba ta, ta yi mata dogon bayani, ta rubuta takarda ta miƙa mata. A duk bayanin nan kalma ɗaya Tabawa ta cafke: jeje. Wannan kuwa kowa a Sabo ya san ta, wato a bi a hankali.

Ta kuwa bi a hankali. Ta daina zuwa Kasuwar Shasha da kanta, ta daina ɗaga buhun shinkafa, ta ajiye tanda ɗaya daga cikin biyu. Takardar da Turanci aka rubuta ta, don haka ta ninke ta jefa a ƙasan akwati. Da na tambaye ta dalilin wannan sabon son jiki, ta ce a asibiti aka ce ta riƙa yin jeje. Na tuntsire da dariya, na ce ashe an fara jin Yarabanci. Ban tambayi abin da ya kai ta asibitin ba. Har yau dariyar nan tana ci mini rai.

Bayan wata takwas hannunta ya soma yi mata nauyi wajen juya waina. Ta kira ni ɗaki, ta buɗe mini. Ƙullutun ya kai ƙwan kaza, wani kuma ya fito a hammata. Na tambaye ta ko an ba ta takarda a asibitin, ta ɗauko mini. Ashe babban asibiti aka tura ta, a ɗebi ɗan nama a gwada cikin makon nan. A nan na gane kalmar da nas ta faɗa jejere ce, sunan ciwon daji a Yarabanci. Da na yi mata bayani, sai ta ce ashe wutsiyar kalmar ta baro a asibiti.

Aka yi gwaji, aka cire nonon, aka ɗora ta a kan ƙarin ruwan magani duk bayan mako uku. Da gashinta ya zube, ta ce ta huta da zaman kitso. Ta koma bakin tanda, kuma duk macen da ta zo sayen waina sai ta tambaye ta ko tana laluba ƙirjinta in tana wanka. 'Yarta Ummukulthum kam da tsiya ta tasa ta gaba har aka duba ta.

Shekara ɗaya da rabi muna murna, sai idanunta suka yi ɗorawa. Muka koma, aka ɗauki hoto. Likitan ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo wajena, ya rage murya, ya ce da Yarabanci ciwon ya kai hanta, abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa mata zafi. Ina tsaye ina haɗa ƙaryar da zan yi mata, sai na ji ta kama wuyan hannuna.

"Saudat, da Hausa za ki faɗa mini, kuma duka."

"To, Yaya."

Na jawo kujera kusa da ita, na faɗa mata duka.