Jan Fenti a Jikin Kaɗanya

Har gobe ban manta ranar da aka miƙo mini gwangwanin jan fenti ba. Lokacin ina malamin daji a Keffi, ƙaramin ma'aikaci, wato mu ne masu hana sare itace ba izini. Kalanzir ya yi tsada, gas sai gidan manya, kowa ya koma gawayi. Kullum motoci na wucewa Abuja maƙil da buhuna, mu kuma ana tara mu a ofis ana yi mana wa'azi wai hayaƙin girki na ɗumama duniya.

Akwai wani fili na kaɗanya kusa da wani ƙauye a hanyar Nasarawa. A al'adar wurin ba a sare kaɗanya ko da a tsakiyar gonarka ta fito, ta mata ce. Da damina sukan tsinci 'ya'yan su yi man kaɗe. Babbarsu Mama Laraba, tsohuwa 'yar Eggon mai baki. In na je sintiri takan ce, “Ɗan gwamnati, zauna ka sha inuwa, ita dai kyauta ce.” Ban sake samun barcin rana irin na wurin ba.

Oga ya ce in shafa wa kowace bishiya ja, alamar gwamnati ta kare ta. Na shafa, na hau kekena na dawo. Ba wanda ya ce a tara mutane a yi musu bayani.

To, a yankin nan kowa na da ɗan'uwan da aka rushe wa gida a gefen Abuja, kuma da jan fenti ake farawa. Mazan ƙauyen suka ce ai an sayar da filin, katafila na tafe, gara su ci moriyar itacen da a ture shi a banza. Suka kira masu gawayi.

Da na koma, sai kututture da tudun ƙasar da ake ƙona gawayi a ciki na hayaƙi. Mama Laraba na zaune cikin rana. Na ce, “Mama, kariya ce fa.” Ta dube ni ta ce, “Ɗana, ja bai taɓa zo mana da alheri ba.”

Oga an ƙara masa girma, ni na yi ritaya a matakina. Ku yaran da kuka shigo aikin nan, ku ji: bakinku ya riga fentinku isa ƙauye.

Yau matata da gawayi take girki, gas ya fi ƙarfin fanshona. In ta hura wuta nakan fita waje, don na san ƙamshin kaɗanya.