Baƙin Man Kawu

Ranar da sakamakon jarrabawarmu ya fito, wallahi sai da babban yatsana ya yi zafi, ba guruf ɗin da ban watsa shi ba a waya. Na haye babur daga Gumel sai Sule Tankarkar, baki har kunne. Kakana ya yi min alkawari, in na ci zai buga sunana a na'urarsa.

Na'urar tangaraho ce mai madannai kamar tafireta, da ita ya yi aiki a gidan waya, da aka daina yayinsu aka bar masa. Ba inda take kai saƙo yanzu, amma in an kawo wuta tana ƙwas-ƙwas tana rubutu a takarda. Duk Juma'a yake mata mai, man keken ɗinki, da gashin kaza yake ɗiga shi, ya goge ragowar da tsumma. Cewa yake in mai ya yi yawa, yashi ya samu gida.

Ashe da Kaka ya kwanta asibiti, Kawu ne ya karɓi aikin, ba wanda ya sa shi. Ɗan acaɓa ne, hanyar Maigatari yake bi, shi a wurinsa gatan ƙarfe a cika shi da mai. Baƙin man da ya juye daga babur ya tuttula mata, har cikin wayoyi.

Na faɗa zaure da ihu. Kaka na zaune gabanta, ya rame, hannunsa baƙi ƙirin.

"Kaka, na fasa su! Kunna mana shaf-shaf."

Ya kunna. Ta yi gurnani, ƙauri ya tashi, ko harafi ɗaya bai ɗaga ba.

Kawu ya leƙo. "Baba, ƙarfe ai ƙarfe ne. Ƙishi take ji, a ƙara mata."

"Kai da babur ɗinka, Allah ya shirye ku."

Na zaro wayata na bincika, na ce an ce kananzir na wankewa. Kaka ya ce ƙwarai, amma sai an warware ta kaf, kuma akwai ƙarafa a ciki sirara kamar ƙayar kifi. Ya ɗaga min hannunsa, yana ta rawa.

"Idon da zai mayar da su ma a asibiti na baro shi. Karanta min abin da kika ci."

Na karanta daga waya. Ya ce Allah ya yi albarka, bai ɗago ba, yana ta goge madannai ɗaya bayan ɗaya. Kawu kuwa har gobe cewa yake tsufa ne ya kashe na'urar.