Ranar da Sa Ya Tafi da Wayar Kawu

Kawuna dillalin shanu ne a kasuwar Mubi, kuma yana da ƙa'ida guda da ya gada daga mahaifinsa: ba ya sallama sa sai mai saye ya riƙe igiya da hannunsa. Ko an daidaita a kan farashi, ko an shafa fatiha, in igiya ba ta shiga hannun mai saye ba, a wurin Kawu hira kawai aka yi.

Babban mai sayensa wani ɗan kasuwa ne daga kudu, wanda ya yi shekaru yana zuwa yana cika tirela. Kawu na kiransa Oga, shi kuma yana kiran Kawu Alhaji. Tirelar nan ita ke ciyar da gidan Kawu. Da korona ta zo aka rufe hanyoyi, Oga ya zauna a gida, ya gano cewa zaman gida yana da daɗi. Aka buɗe hanya, ya ce gwiwarsa ba ta son mota. Ya aiko da saƙo: ko Kawu ya riƙa nuna masa shanu ta kiran bidiyo, ko shi Oga ya koma wurin dillalin rumfar da ke maƙwabtaka da ta Kawu, wanda tuni ya iya.

A lokacin na zo hutu daga gidan rediyon da nake aiki. A ganin Kawu, wanda yake magana a rediyo dole ya san duk wani abu mai magana ba da igiya ba. Na saya masa babbar waya, na sa mata riga mai kauri ta roba.

Ranar kasuwa muka kunna ta a rumfa. Da yake Mubi na kusa da iyaka, nan take ta kama sabis ɗin Kamaru, aka aiko mana da saƙon maraba da Faransanci. Na fassara wa Kawu.

"Ce musu mun gode," in ji shi, "amma ba mu zo ba."

Na zaga kasuwar da waya a sama, har na gano wuri ɗaya tak da sabis ɗinmu ke tsayawa: kan tudun da ake lodin shanu a tirela. Can muka hau da wani farin sa mai dogayen ƙahoni, wanda tun daga ƙasa ya nuna bai yarda da tsarin ba.

Oga ya bayyana a wayar sanye da singileti, yana cin abinci. Kawu, wanda ya sa babbar riga saboda wannan ganawa, ya dube shi na ɗan lokaci.

"Oga, haka za ka shigo kasuwa?"

"Alhaji, ina gidana ne. Nuna mini haƙori."

Kawu ya buɗe bakin san, ya cusa wayar ciki.

"Duhu nake gani, Alhaji!"

"Ai cikin baki ne. Da can da kake zuwa, fitila ka tarar a ciki?"

Daga nan ya goga wayar a kan tozo, ya danna ta a cinya, ya kai ta gindin wutsiya, kowane wuri yana tambaya, "Ka ji?" Oga ya ce bai ji komai ba sai ƙara. Duk da haka suka shiga ciniki, Kawu yana cewa albarka, Oga yana rantsuwa da cokali a hannu, har suka daidaita.

"To, riƙe igiya," in ji Kawu.

"Na riƙe a zuciya."

"Zuciya ba ta da yatsu."

Dillalin maƙwabta ya biyo mu kan tudu don kallo. Ya leƙa fuskarsa cikin wayar ya gaishe da Oga, ya ce a rumfarsa ba a wahalar da manyan mutane da igiya. Na ga Oga ya ajiye cokali yana sauraro. Kawu ma ya gani.

Sai ya juyo gare ni. "Kai mai rediyo, Oga yana cikin abin nan ko ba ya ciki?"

Na fara bayani a kan yadda hoto ke tafiya. Ya katse ni: "Yana ciki ko ba ya ciki?"

Na ce yana ciki.

Kawu ya ɗaure bakin igiyar a jikin wayar, ƙulli biyu, ya ajiye ta a ƙasa, ya janye hannunsa. San ya tsaya kamar mai nazari. Ya kaɗa kai sau ɗaya, ya ji babu mai riƙe da shi. Ya sake kaɗawa da ƙarfi, igiyar ta naɗe a ƙahonsa, wayar ta tashi ta rataye a goshinsa. Ya sauka daga tudun a guje.

Muryar Oga ce ta riƙa buɗe masa hanya: "Alhaji! Alhaji! Ina muke zuwa?" Masu tsire suka watse. Wani mai sayar da igiyoyi ya amsa masa cewa shi ma bai sani ba. Ni da Kawu muka faɗa keke napep, direban ya tambayi inda za mu, Kawu ya ce, "Bi kwastoma."

Mun same su a bakin mayo, wato rafin da ke bayan gari. San yana shan ruwa. Wata mata mai wanki ta tsaya gefe da zani a hannu, tana yi wa goshinsa kwatancen hanyar komawa kasuwa.

"Baba, naku ne?" ta tambayi Kawu. "Mutumin ya ce tun ɗazu yake neman wanda zai sauke shi."

Kawu ya matsa a hankali, ya sunkuya daidai wayar. Gilashin ya tsage, amma abin mamaki sabis bai yanke ba, Oga na nan, a tsaye yanzu, gumi na zuba masa.

"Alhaji, na saya. Sauran dillalai, sa a tsaye suke nuna mini, ko gurgu ne ban sani ba. Wannan na hau shi da kaina. Babu ɗingishi, babu haki."

"Igiyar fa?"

"Tana hannuna. Ban sake ta ba tun daga kasuwa."

"Na sallama," in ji Kawu, ya shafa fatiha, mai wankin ma ta ce amin.

Oga bai koma rumfar maƙwabta ba. Sai dai ya kafa sharaɗi: duk san da zai saya, sai ya yi gudu da shi tukuna. Kawu ya sa baduku ya ɗinka wa wayar jakar fata mai maɗauri biyu, daidai faɗin ƙaho. Shi kansa ba ya ɗaukarta, ya ce ta shanu ce. Idan na kira shi ranar kasuwa aka ɗaga, nakan saurara tukuna. In na ji numfashi mai nauyi da ƙarar kofato, sai in kashe, in bari su gama da Oga.