Shekarun Da Taubashina Ya Daina Tsokanata

A da ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a nan Dakoro, kuma ni ne bakin sandika, ƙungiyarmu ta malamai. Duk yajin aikin da aka shiga ina gaba, ni da taubashina, ɗan kawuna, mai koyarwa a Korahane. Mutumin nan bai taɓa raga mini ba, ko a gaban perefe, shugaban gundumarmu, sai ya ce kaina ya yi wa hulata yawa.

Da aka tsayar da ni takarar depite, wato ɗan majalisa, shi ya zagaya ƙauyuka da ni bisa babur ɗinsa. Na ci, na tafi Yamai. Ba a jima ba malamai suka sake yaji, manyan jam'iyyarmu suka turo ni in lallashe su. Na yi ta bayani, suna saurare. Da na gama, taubashina ya taso ya durƙusa gabana, ya ce ranka ya daɗe, sun ji. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Daga ranar, ko a suna ko a makoki, sai gaisuwar ladabi. Har mahaifiyata ta tambaye ni me na yi wa ɗan ƙanenta. Abin ya ci raina ƙwarai.

Na koma majalisa na faɗi halin da malamai ke ciki a azuzuwan zana, ban rage kome ba. Jam'iyya ta yi fushi, zaɓe na gaba ba a tsayar da ni ba. Na dawo gida, taubashina kuwa bai sauko ba. Sai na kama noman gonar gado wajen Mai Yara, da hannuwan da suka manta hauya. Wata safiya da damina ya biyo ta hanya, ya tsaya ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga murya.

"Kai malalaci, gero kake sarewa kana barin haki! Haka kuka yi mana a Yamai?"

Na zauna a ƙasa ina dariya har da hawaye, shi kuwa ya karɓe hauyar yana mita.

Yau alhamdu lillahi ina cin tuwona da kwanciyar rai, ba na kewar kujerar. Ga wanda Allah ya ɗaukaka cikinku, masu zaginsa ba su ne abin tsoro ba. Ranar da wanda kuka tashi tare ya fara yi maka ranka ya daɗe, ka bar abin da kake yi ka je ka same shi.