Kyaftin Ishaku da Wayar da Ke Shan Rimot

Duk wanda ya san Kawu Ishaku ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya tambayi caji. Ka shiga ɗakinsa na bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ka rusuna ka ce, "Kawu, ina kwana?" sai ya leƙo ta saman gilashi ya ce, "Wayanka ya cika?" In ka ce rabi ne, sai ya nuna maka benci can nesa da teburinsa, kamar ka zo da mura. Ni Afiniki, 'yar ƙanwarsa, na zauna a kan bencin nan fiye da kowa a Kafanchan, don haka ku bar ni in ba da labarinsa.

Kun tuna yadda abin ya fara. Shekara da shekaru yana ɗaukar bidiyon biki da jana'iza da kyamara a kafaɗa, sai rana ɗaya ya dawo daga Kaduna da jirgi mara matuƙi, na hannu, a cikin jakar 'yan makaranta. Daga ranar ya zama Kyaftin. Shi ya raɗa wa kansa, ba wanda ya roƙe shi.

Jirgin yana da rimot mai 'yan sanduna biyu. A saman rimot ɗin ake maƙala waya, a haɗa su da gajeriyar igiya, don a fuskar wayar ake ganin abin da jirgi ke gani. To nan fa ake yin ta! Da zarar an haɗa su, sai wayar ta ɗauka wurin caji aka kawo ta, ta kama zuƙar batirin rimot. Fitilu huɗu ne a jikinsa, Kawu yana ji yana gani su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Wayan nan ɓarawo ne!"

"Kawu, ɓarauniya ake cewa. Waya mace ce."

"Ke da littattafanki! Mace ne ko namiji, sata yake yi."

Ranar ɗaurin auren nan na Kagoma ne wayar ta fara kunyata shi. Amarya ta fito daga majami'a, zumuntar mata suna waƙa suna kaɗa tulu, jirgi yana shawagi a kan farin mayafinta. Ni har ƙwalla ta cika mini ido, saboda kamar haka nake ganin nawa auren in na rufe ido. Sai rimot ya yi ƙara, ya ɗauke. Shi kuwa jirgin nan halinsa ne, in ya daina jin rimot, sai ya koma inda ya tashi. Kawu kuma, don kada yara su taɓa masa kaya, a bayan gidan fasto ya tashe shi, daf da ɗakin aladu.

Da aka zauna kallon bidiyo a gidan ango, ga amarya tana murmushi, sai aka ga ta ƙanƙance, ga rufin kwano, ga gonakin citta, sai hoto ya sauko a hankali, cikin ladabi, a kan wata ƙatuwar alade tana shayar da 'ya'yanta.

Uwar ango ta dafe ƙirji. "Kyaftin, su wane ne waɗannan?"

"'Yan gayyar soɗi ne, Mama. Kowane biki da su."

Aka ce ya yanke wurin, ya ƙi. Wai a duk bidiyon, nan ne ya fi fitowa tas.

Daga nan ya shiga yaƙi. Ya ja ni muka je kasuwa wurin Malam Sabo mai gyaran waya. Malam Sabo ya juya wayar ya ce, "Kyaftin, akwai irin wayar da ake shiga manhajar jirgin a kashe mata shan cajin. Taka ba ta cikinsu. Sai dai ka canza."

Ya faɗi kuɗinta. Kawu ya miƙe tsaye.

"In sayar da fili don in hana ɓarawo sata? Sai anjima, Malam."

Ya dawo gida ya ɗauki reza, ya feɗe igiyar, ya datse jan zaren da ke ciki, wai ta nan jinin ke bi. Aka haɗa. Wayar ba ta sha komai ba, gaskiya ne. Amma ba ta ga jirgin ba ma sam, fuskarta baƙi ƙirin. Kawu ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ka gani? An hana shi sata, ya yi yajin aiki."

Igiyoyin da suka mutu a hannunsa, Allah kaɗai ya sani. A ƙarshe ya kafa dokoki. Wayar ba za ta kusanci rimot ba sai ta cika maƙil, don mai ƙoshi satarsa kaɗan ce. Hasken fuskarta kuma a rage shi har ƙasa, shi ya sa kuke ganinsa a tsakiyar fili ya lulluɓe kansa da baƙin zane kamar mai turare. Sai babbar doka: wannan alamar jirgin sama da ke cikin waya, wadda in an taɓa ta layi ke rufewa gaba ɗaya. Ranar da ya gano ta har rawa ya yi.

"Afiniki, dubi! Ashe don mu matuƙa aka yi shi!"

Da farko sai zai tashi jirgi yake taɓa ta. Daga baya ya ga ai kira ma cin caji ne, sai ya bar ta haka. Mai son aiki ya hau acaɓa ya zo ya same shi. Kun yi ta dariya, ni ma na yi. Amma ni ce ke kai masa tuwo da yamma, ni na san yadda ɗakin nan yake. Matarsa ta rasu tun ina goye, ba su samu haihuwa ba. Kujera ɗaya, kofi ɗaya, waya a kan tebur cike da caji, ba ta taɓa ƙara ba. Wani lokaci in na juyo zan tafi sai in ji yana yi wa jirgin magana a hankali, yana goge masa fukafukai.

Ni kuwa na girma da littattafan soyayya na bakin kasuwa, waɗanda ake haya a mayar. Ba a ɓoye mini irin wannan abu. Na lura a kowane bidiyon cikin gari, biki ne ko jana'iza, sai jirgin ya ɗan ratse ya tsaya a kan wani gida mai bishiyar mangwaro, inda ake shanya citta a tsakar gida. Gidan Mama Rahila ne, gwauruwar nan mai muryar da ke riƙe waƙar zumunta.

"Kawu, me jirgi ke nema a gidan Mama Rahila?"

"Iska ne. Wurin akwai iska."

Iska! Na je na ba ta lambarsa da hannuna. A raina har na zaɓi ankon biki. Bayan mako biyu ta tare ni a bakin majami'a.

"Ke Afiniki, kawunki ya mutu ne bai gaya mana ba? Kullum layi a kashe."

Na kai masa saƙo ina haki. Na zaci zai yi tsalle. Sai ya zauna, ya ɗauki rimot yana jujjuyawa.

"'Yata, ni fitila ɗaya ya rage mini. Wanda ya jingina da ni, me zai samu? Ni kuma me zai rage mini?"

A littattafaina ba wanda ya taɓa yin wannan tambayar.

Da damina ta faɗi, 'yar Mama Rahila ta haihu a Abuja, uwar ta shirya tafiya, ba ranar dawowa. Ta kira ni gefe ta ce, "Ki gaya masa ranar Lahadi bayan sujada zan kira daga can. In na ji a kashe, na gama. Ni ba yarinya ba ne."

A makon ne iska ta kayar da turken wuta a unguwar su Kawu. Ranar Lahadin kuma aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba shagon caji ko ɗaya a buɗe. Na iso a jiƙe, tawa wayar a mace, na tarar da Kawu ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure yana zaune. Ashe tun da safe ya cire alamar jirgin, bai gaya wa kowa ba. Wayar da ta yi watanni tana barci ta farka, saƙonnin talla da na gaisuwar Kirsimetin bara suka yi ta kwararowa, ga layi yana rawa saboda hadari. Kafin azahar caji ya koma ja.

Abu ɗaya ne mai rai a ɗakin: rimot, fitila huɗu cif, an ajiye shi don jana'izar da zai ɗauka a Kauru washegari.

Ya kalli wayar, ya kalli jaka. Ruwa yana dukan kwano. Can ya tashi, ya fito da rimot, ya laluɓo igiya ɗaya da ta tsira daga reza, ya haɗa su da hannunsa, ya kunna.

"Sha," in ji shi. "Sha, ɓarawo. Yau ni na ba ka."

Muka zauna. Fitila ta huɗu ta tafi. Ta uku ta bi ta. Bai ko ƙifta ido ba, mutumin da ke zagin kakannin waya in ɗaya ta yi rawa. Ana cikin ta biyu wayar ta yi ƙara, har ya firgita, don ya manta irin kukanta.

Na laɓe a bayan labule ina jiran kalaman da za su narkar da dutse.

"Rahila? Eh, ni ne. Ana ruwa a can?" Shiru. "Nan ma ana yi." Shiru mai tsawo. "Cittanki fa, wa ya kwashe? To. To, madalla." Wani shirun. "Jaririn yana da ci?"

Haka suka yi ta yi, rabi magana rabi numfashi, har rimot ya mutu, wayar ta bi shi.

Na fito kamar in yi kuka. "Kawu! Ruwa? Duk wannan jira, ruwa ka tambaye ta?"

"Ya ce ana yi," in ji shi, don ko mace "ya" ce a bakinsa, yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. "Ya ce kuma Lahadi mai zuwa."

Washegari da tsohuwar kyamara ya je Kauru. Da suka tambayi jirgi, ya ce matuƙi ya ba shi hutu.

Mama Rahila ta ci gaba da kira kowace Lahadi, labarin ruwa, daga baya labarin rana. Ta ce za ta dawo bikin Kirsimeti. Kawu bai kai ba. Ciwon kwana kaɗan ya ɗauke shi ana girbin citta. Ta zo jana'iza, ita ta ɗauki waƙa, muryarta ba ta karye ba sai a baiti na ƙarshe.

Ya Ubangiji, ga bawanka Ishaku. Ya daɗe shi kaɗai, yana tattalin ɗan abin da ya rage masa, amma da ranar ta zo ya bayar duka. Ka karɓe shi, ka zaunar da shi cikin jama'a, inda za a riƙa kiran sunansa yana amsawa. Ka ta'azantar da Mama Rahila a ranakun Lahadi. Amin.